Jirgin Baba a Rabon Gado

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu isa. Ya rasu cikin zafin bazara, tsakanin azahar da la'asar, a ƙarƙashin rumfar da ya kafa wa jirginsa. Tunda ciwon ƙirji ya kwantar da shi, can yake sa a shimfiɗa masa tabarma, wai ɗaki yana danne masa numfashi.

Mutanen gari sun yi mana zaman makoki yadda ya kamata, ba abin da za mu ce sai godiya. Amma waɗanda suka tsaya mini a rai su ne 'yan ƙetare, mutanen tungaye da rugagen da ke hayin gulbi. Idan suka gaisa da maza a ƙofar gida, suka shigo suka yi wa Inna gaisuwa, ba sa fita kai tsaye. Sai su ratse rumfar nan, su ɗora hannu a jikin jirgin. Wata Bafulatana ta tsaya a wurin tana kuka har sai da Gwaggo, yayar Baba, ta je ta janye ta. Ta ce a cikinsa aka ƙetaro da ita likita ranar da naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wani tsoho daga cikinsu bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Ana gama shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. To bana wa za shi hiddo mu in ruwa ya zo?"

Liman ya ce masa ba yau ake wannan magana ba. Ni dai ban ga laifin tsohon ba, don abin da ke cina ke nan.

Akwai kuma waɗanda suka zo gaisuwa ido ɗaya na hawaye, ɗaya na kan tayu. Da idona na ga wani maƙwabcinmu yana danna tayar remok da babban yatsa, wato keken ƙarfen da jirgin ke zaune a kai, yana ce wa na kusa da shi, "Tayun ga ko ƙasa ba su ci ba." Saura kaɗan in watsa masa kunun da ke hannuna. Tun ranar na gane cewa in ban tashi tsaye ba, jirgin Baba ba zai kai damina a haɗe ba.

Garinmu yana bakin Gulbin Kaba, a ƙasar Mayahi. Baƙon da ya zo da rani zai rantse ba a taɓa ganin ruwa a wurin ba, rairayi ne da kaba da goruba da lambuna. Amma shekarar da damina ta yi kyau gulbin kan cika ya kwanta makonni, ya raba mu da 'yan ƙetare. Kasuwa tana wajenmu, likita tana wajenmu, injin niƙa ma haka. Kafin jirgi, mutum kan rungumi ƙaton masaki ne wani ya tura shi, kuma ba kowa ke isa ba.

Baba mai gyaran injin niƙa ne da injin ban-ruwa. Wata rana ya tafi Tasawa neman kayan gyara, ya tarar ana gwanjon tarkacen wani furoje, wato shiri na kiwon kifi, da ya tashi. A cikin tarkacen akwai ɗan jirgi na irin ƙarfen da ake zuba tukunya da shi, da remok ɗinsa mai taya biyu, da ƙaramin inji da ake ratayawa a gindinsa. Ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba, ya kora bijiman nomansa kasuwa. Ranar da ya shigo gari da jirgin, jakin aro na ja, rana na dukan ƙasa, duk garin ya fito kallo. Baffa, ƙanensa, ya riƙe ciki yana dariya. "Yaya ya sayo jirgi," in ji shi, "saura shi sayo ruwa."

Inna kuwa ba ta yi dariya ba. Ta yi kwanaki ba ta ce masa ko sannu ba, abinci sai dai ya tarar a rufe. Ya ƙara mata da kafa wa jirgin rumfa daidai inda take sussuka. Ta rama ta hanyarta, ta bar kajinta suna ƙwai a ciki. Shekara da shekaru, duk lokacin da za a fitar da jirgi sai an fara kwashe ƙwai da kaji masu kwanci, Baba na mita, ita tana cewa ai gwamma a samu abin da ya amfana da shi a watannin da yake zaune.

Shi ya shirya jirgin da hannunsa, da abin da garin ke da shi. Maƙeri ya toshe masa hujin da ke ƙasa. Ya sa katakai na zama, ya yi masa 'yar rumfa da tabarmar kaba. Tsohon faifan injin niƙa ya ɗaure da igiya, shi yake jefawa cikin ruwa in yana son jirgin ya tsaya. Remok ɗin don mota aka yi shi, mu kuwa ba mu da mota, sai ya sa aka yi masa walda da doguwar sanda yadda shanu za su ja. Ya tara bido na mai, wato jarkoki masu murfi, ya wanke su ya ɗaure musu igiya. Duk wanda zai shiga sai ya rataya ɗaya a ƙirji don kada ya nutse in an kife, ko mai gari ne. Mutane na jin kunyar abin, musamman masu babbar riga, amma Baba ba ya ta da inji sai ya ga kowa da bidonsa.

Yadda yake ji da injin nan, ko jinjiri sai haka. Shi da kansa yake gauraya esansi, wato fetur, da man inji a kwalba, ya ɗaga ta wajen rana ya duba launi. Buji, wato fulogin injin, yana aljihun rigarsa a naɗe cikin tsumma, har masallaci. Da rani, lokacin da ba ruwa ko na wanke hannu a gulbi, yakan cika tano, wato duro, da ruwan rijiya, ya tsoma gindin injin ya tayar da shi, don kada ya manta aikinsa. Matan unguwa da ke wahalar jan guga ba su taɓa yafe masa wannan ba.

Amma ainihin aikinsa ba a cikin ruwa yake yinsa ba. Da ƙafa yake yinsa, a busasshen gulbi, kafin ruwan farko. Abin da ruwa zai rufe ai gonakin mutane ne. Akwai kututturen goruba, akwai shingen ƙaya da na waya, akwai rijiyoyin siminti na masu lambu da bakinsu ke tsaye sama da ƙasa. Kowanne zai iya karya farfela ko ya tsaga cikin jirgi, kuma in ruwa ya zo jajir da laka ba mai ganinsu. Sai Baba ya ɗauki damin dogayen sanduna a kafaɗa, ya bi hanyar da jirgi zai bi tun daga gaɓarmu har hayi, yana kafa sanda, yana ɗaura mata tsumma a kai. Kowace shekara sai ya sake, saboda wani ya haƙa sabuwar rijiya, wani ya matso da shinge, rairayi ma ya canja wuri. Yakan ce, "Ni da rani nike tuƙi. Da damina zamne kawai nike."

Masu lambu sun sha fama da shi. Ba ya roƙo, ba ya kuma zagi. Zai zo ne ya zauna a bakin shingenka da butarsa, ya gaishe ka, ya tambayi iyali, ya ce shingen nan ya shiga hanya. Gobe ya dawo. Jibi ya dawo. Ban san wanda ya iya jure masa mako ba.

Rigimarsa mafi tsanani da Baffa aka yi ta. Baba ya ja wani jan layi da fenti a jikin jirgin, in ruwa ya taɓa layin ba ya ƙara ko kaza. Wata ranar kasuwa Baffa ya zo hayi da buhunan wake, hadari na haɗuwa, jirgi ya riga ya cika da mata. Ya ce a loda masa.

"Sai na dawo," in ji Baba.

"In ka dawo ruwa ya jiƙa mani wake. Ni da kai hwa ciki ɗaya munka hito."

"Na sani. Ruwan ne bai sani ba."

Ya tafi ya bar shi. Kafin ya dawo sama ta sako, wake ya jiƙe, rabinsa ya tsira a buhu. Baffa ya daina shigowa gidanmu, in sun haɗu a masallaci kowa ya kama sahunsa. Sai da babbar salla Gwaggo ta tara su ta wanke su tas. Baba ya kai wa ƙanensa wake daga rumbunsa, amma haƙuri bai ba shi ba, ya ce ba a ba da haƙuri a kan abin da za a sake yi.

Bai taɓa yanka wa kowa kuɗin fito ba. Mai hali ya zuba masa esansi, mara hali ya shiga haka nan. In mara lafiya ne, ko tuwo yake ci zai ajiye. Sannan yana da wani hali da mutane suka ɗauka wauta ce. In gulbi ya janye, sai ya ɗora jirgin a remok, ya ɗaura shanu, ya nufi wani babban tabki ta wajen Attantane da kan riƙe ruwa har kaka. Ba wanda zai ƙetarar a can. Shan iska kawai. Yakan kwashi tsofaffin matan ƙauyen da ke kusa, waɗanda tunda aka haife su ba su taɓa barin ƙasa ba, ya zaga da su cikin bado, ya kashe inji a tsakiya don su ji shiru su ga tsuntsaye. Wata ta ce masa yanzu in an kira ta Makka ba ta tsoron jirgi.

Inna ma sau ɗaya ta shiga, bayan ta yi shekaru tana rantsuwa. Ta zauna ta ƙanƙame bidonta, ido a rufe, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Da suka kai tsakiya ta buɗe ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ai sai mu koma, na bar wake a wuta." Da suka sauka na ji tana ce wa Gwaggo ƙasa-ƙasa, ashe abin da daɗi.

Mu uku ne 'ya'yansa da muka rayu. Yaya, babban wanmu, manomi ne a gari. Ni ce ta tsakiya. Ƙanenmu yana da garejin babura a Tasawa. Yaya shi ne ɗan fari, kuma Baba mutumin dā ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya cin abinci da shi, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. To balle katako ɗaya a cikin jirgi. In Yaya na da buƙata a hayi, sai ya zagaya ta nesa inda ruwa bai kai wuya ba. Ba wanda ya ga abin a matsayin laifi, haka muka tashi muka gani.

Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ba abin da ba ya gaya mini. Da mijina ya rasu na dawo gida, lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Sai na zama idonsa. Ni ke riƙe damin sanduna a gulbi ina gaya masa abin da na gani, shi yana taɓawa da ƙafa yana cewa kafa nan. Daga baya a cikin ruwa ma ya ɗora hannuna a kan hannun inji, nasa a kan nawa. Damina ta ƙarshe da ya gani, yana zaune ne kawai a gefena yana saurare. In na ba da wuta da yawa sai ya ce, "Uwata, wa ke korarki?" Gari ya yi surutu a kan mace da tuƙi, ya gaji ya bari.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Malamin da ke rabo yana tsakiya, maza a gefensa, ni ina bakin ƙofa ta ciki. Inna tana takaba, tana jinmu daga ɗaki. Aka yi maganar gona da awaki da rumbu ba gardama. Da aka zo kan jirgi, ashe an riga an gama yanka shi ban sani ba.

Yaya ya ce remok yake so, in an ɗora masa katako ya zama amalanke. Ƙanenmu ya ce, "Bon, injin akwai mai so a Maraɗi, na riga na yi mishi magana." Jikin jirgin kuwa masu zuba tukunya sun zo har sau nawa suna tambaya. Baffa, da ya zo shaida, ya ce in ba a ba su ba shi yana so, zai yi komin shayar da shanu.

Na leƙo daga bakin ƙofa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana."

Yaya ya ce, "Ke, maza na magana."

"Gadon ubana ake rabawa, Yaya. Malam, rago in anka raba shi uku kowa ya samu nama. Wanga in kunka raba shi uku ba wanda ya samu jirgi. Ruwa na tahe, 'yan ƙetare na jira. A sa mani shi duka cikin kasona."

Malam ya ce shari'a ba ta hana ba, in sauran magada sun yarda. Amma ya ce in sani, yadda aka kimanta jirgin, zai cinye kasona na gona gaba ɗaya, har ma bai isa ba. Ni kuwa ba ni da abin cikawa. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, wadda tun rasuwar ba ta ɗaga ta ba.

"Ku cika mata da awakina."

Baffa ya ce, "Ke da kinka fi kowa tsanar abin ga?"

"Na tsane shi shina da rai. Yanzu ba mai narka shi in ci tuwo a ciki."

Ƙanenmu ya sunkuyar da kai ya ce shi ya yarda. Saura Yaya. Ya juyo ya dube ni sosai.

"Gona za ki bari saboda ƙarhe? Mi za ki ci?"

"Ina da gamanata, 'yar gayaunar da nike nomawa, ina da hannuna."

"In kinka kihe da ɗiyan mutane hwa?"

"Ba ni kihewa da yardar Allah. Na san hanya."

Ya kau da kai. Da ya buɗe baki, muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. "Ku ne 'yan jirgi," ya ce. "Ni tunda ya sayo shi, ko da wasa bai taɓa cewa in shiga ba. Ɗauki abinki." Ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Maganar ta soke ni. Ina ganin mutumin nan da furfura a gemu, da jikoki, ban taɓa tunanin abin na cinsa ba. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban janye ba.

Washegari na ɗauki damin sanduna na shiga gulbi ni kaɗai. Rijiyoyi sababbi sun fito, wani ya ja waya daidai tsakiyar hanya. Na je na zauna a bakin shingensa na gaishe shi, na dawo gobe, na dawo jibi, har ya kwance. Na wuce gonarmu ina ganin Yaya da 'ya'yansa suna shuka a ɓangaren da dā nawa ne. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Na haɗiye na ci gaba da kafa sanduna.

Ruwa ya zo da ƙarfinsa, da hantsi muka ji yara na ihu gulbi ya kawo. Kwana biyu ya cika har gindin gorubar da muke sa jirgi. Na fita neman wanda zai ara mini shanu, ban samu ba, kowa na gona. Na dawo ina tunanin ko in tara mata mu tura, sai na tarar da Yaya a rumfa ya riga ya ɗaura nasa. Bai dube ni ba. Ya ce shanun ne ba su da aiki yau.

A bakin ruwa ya juya remok da baya, ya naɗe wando ya shiga har cinya, ya riƙe jirgin yana shawagi. Na hau, na buɗe esansi, na ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Na gyara tsayuwa na sake ja da dukan ƙarfina, ya kama. Yaya ya saki hannu zai juya.

Na ce, "Yaya, ba ni da mai riƙe mani gora a gaba. In ciyawa ta tare mu ba ni iya barin inji."

Ya tsaya cikin ruwan, yana duban gari, yana duban jirgin. Sannan ya ɗaga ƙafa ya shigo, jirgin ya karkata, ya yi saurin dafe katako. Ya zauna a gaba ya ba ni baya.

Muka bi sanduna a hankali. A tsakiya ruwa ya tafi da ɗaya, daidai inda na san akwai bakin rijiya. Na rage wuta, na ce wa Yaya ya soka gora ta hannun hagu. Ya soka, muka ji ta daki siminti, ya tura mu gefe muka wuce. Bai juyo ba, amma na ga yana share fuska da hannun riga, ban kuma tambaye shi ko ruwan gulbi ne ba.

A hayi mutane sun taru da ƙullin niƙa da marasa lafiya. A gabansu akwai wata tsohuwa makauniya, jikarta na riƙe da sandarta. Tun daga nesa ta karkata kai tana sauraren injin. Da muka matso na kashe shi, sai ta ce da ƙarfi, "Ashe ƙarya anka yi mani? Ba an ce Malam ya rasu ba?"

Yaya ne ya miƙe, ya dira cikin ruwa, ya je har gabanta.

"Ya rasu, Iya," ya ce. "Ɗiyanshi ne. Kawo hannunki."

Ta ce Allah ya haskaka masa kabari, ya sa ya huta. Muka ce amin, Yaya ya ɗauke ta cak ya sa a jirgi.